Kyamarar da ta yi wata biyu tana barci

Ƙanena yana da butiki a nan Dogo, kan hanyar Magariya, inda yake sayar da littattafan lakwal da alli, yana kuma cajin waya. Bara ya je Damagaram ya sayo kyamarar tsaro da fanon hasken rana da batir, aka kafa, mutane suka yi ta zuwa kallo. Da ɓarayi suka fasa ƙofar baya cikin hunturu, muka buɗe na'urar don mu ga fuskokinsu. Hoton ƙarshe da ta ɗauka na wata biyu baya ne. Ƙurar buji ta lulluɓe fanon, batir ya daina cika, shi ke nan kyamara ta mutu tana rataye, kowa na gaishe ta.

Laifin ba na kamfanin da ya ƙera ta ba ne. Mu ne muke da halin ɗaukar sayen kaya a matsayin ƙarshen aiki. Fano yana son shafa da tsumma, batir yana tsufa da wuri a zafin ƙasarmu, kwaɗo yana tsatsa bayan damina. Duk wannan ba ya cin ko jika ɗaya a mako, sai dai yana buƙatar mutum guda da aka ce masa: wannan aikinka ne.

Asarar butiki ana mayar da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a matsayina na malami, shi ne irin wannan sakacin a wurin da muke ajiye yara. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta ci ajujuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maradi, inda aƙalla 25 suka tafi, 'yan shekara biyar zuwa shida. Wutar zana ba ta jiran a kira lamba 18, balle motar 'yan kwana-kwana ta iso. Abin da ke kusa da hannun malami a mintin farko shi kaɗai zai yi amfani.

To, me ke kusa da hannun namu? Na taɓa shiga wata lakwal mai zaman kanta, mai karɓar kuɗin iyaye duk wata, na ga jar tukunyar kashe gobara a ofishin darakta. Allurarta ta sauka daga kore tun ba yau ba, hodar ciki ta dunƙule, kuma ba malami ɗaya da ya taɓa zare ƙusarta. Ado ce kawai don baƙi.

Shawarata ga 'yan kwamitin COGES da masu makarantun kuɗi: a ware kuɗin gyara tun ranar da aka ware na saye, a rubuta sunan mai dubawa da ranar dubawa a jikin bango. Ku kuma iyaye, ran da kuka kai kuɗin wata, ku ce a nuna muku bokitin rairayi da ƙofar fita ta biyu, ku tura ta da hannunku ku ga ko tana buɗuwa.

Ƙanena dai yanzu ɗansa ne ke hawa rufi duk Juma'a da safe da tsumma, a kan ladan dala ashirin.