Kyanwar Bola da Tarin Cututtukanta: Aikin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Bahaushe bai rage wa kyanwa suna ba. Yana kiranta kyanwa, yana kiranta mage, a wasu kare-karen harshe a ce kuliya ko mussa, namijinta kuma muzuru. Ta shiga karin magana, ta shiga kirari da tatsuniya. Akwai kyanwar Lami wadda ba ta cizo ba ta yakushi, akwai mage mai kwanciyar ɗaukar rai, akwai kuma zakaran da Allah ya nufa da cara, wanda ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Duk wannan manazarta sun tattara sun yi sharhi a kai. Abin da ba mu waiwaya ba shi ne kyanwar kanta, wadda ke kwana a bayan mayanka da gindin bola da rumfunan kasuwa, da abin da take ɗauke da shi a jikinta. A nawa ganin wannan giɓi ne da ya shafi lafiyar jama'a, kuma wani ɓangare na cike shi aikin masana harshe da al'ada ne, ba na likitocin dabbobi kaɗai ba.

Likitocin dabbobi a ƙasashe da dama sun daɗe da lura cewa kyanwar da ba ta da gida da wuya a same ta da cuta ɗaya tak. Rayuwarta ce ke jawo haka. Tun tana jaririya takan sha tsutsar ciki a nonon uwarta. Ƙuma ta hau jikinta tana shan jini, idan kuma ta haɗiye ƙumar wajen lasar jiki sai tsila ta kama ta, domin a cikin ƙuma wannan tsilar ke rainon 'ya'yanta. Ɓeran da take kamawa yana ba ta wata tsilar dabam, yana kuma iya ba ta ƙwayar tokzofilazma. Idan dare ya yi muzurai suka kaure da faɗa a kan katanga, cizon da suke yi wa juna shi ne babbar hanyar yaɗuwar wata ƙwayar bairos mai karya garkuwar jiki.

Wannan bairos, wanda ake taƙaita sunansa da FIV, Niels Pedersen da Janet Yamamoto ne suka gano shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a shekarar 1986. Dangin HIV ne, kuma aikinsa a jikin kyanwa ya yi kama da aikin HIV a jikin mutum: yana cin ƙwayoyin jinin da ke tsare jiki sannu a hankali, har kyanwa ta shekara da shekaru ba a ga alamar komai ba. Akwai wani na biyu da ya riga shi fitowa fili, wanda William Jarrett ya gano a Jami'ar Gilasgo a 1964, mai haddasa sankarar jini da ƙarancin jini. Shi ta yawu ya fi yaɗuwa, wato ta lasar juna da cin abinci a wuri ɗaya, da kuma daga uwa zuwa 'ya'ya. Dukansu biyu ba sa kama ɗan Adam. Ina jaddada wannan tun yanzu domin zan dawo kansa.

Inda maganar take da nauyi shi ne haɗuwarsu a jiki ɗaya. Cututtukan ba zaman 'yan marina suke yi ba, kowa da inda ya sa gaba. Taimakon juna suke yi. A ɗauki ƙarancin jini. Ƙuma tana zuƙa daga waje, wata tsutsa mai kama bangon hanji tana zuƙa daga ciki, wata baktiriya mai maƙalewa a jikin jajayen ƙwayoyin jini tana sa jiki ya farfasa su, sannan bairos ɗin sankarar jini ya danne ɓargon da ya kamata ya mayar da gurbin abin da aka rasa. Kowace ɗaya ita kaɗai kyanwa mai ƙoshi za ta iya jure mata. Idan suka taru a kan wadda ke yini da yunwa, sai ka ga dasashinta ya yi fari fat, ta kwanta ba ta sake tashi ba. Haka nan tokzofilazma: a jikin lafiyayyar kyanwa yawanci ba ta nuna alama, amma gwaje-gwaje sun nuna cewa a jikin wadda FIV ya raunana tana iya bazuwa ta kama huhu da sauran sassan jiki. Saboda haka mai ba kyanwa maganin tsutsa ya ga ba ta murmure ba, ba lalle maganin ne jabu ba. Mai yiwuwa ya kori baƙo ɗaya ne daga gidan da baƙi huɗu suka sauka.

To ina ruwan mutum? Ruwansa yana wajen waɗanda ke tsallakowa. Tokzofilazma, wadda Charles Nicolle da Louis Manceaux suka fara bayyanawa a Tunis a 1908, tana kama mutum da tumaki da awaki da kaji, amma sai a hanjin dangin kyanwa kaɗai take kammala hayayyafa ta fitar da ƙwai. A wajajen 1970 aka tabbatar da haka. Kyanwar da ta kamu a karon farko takan zubar da miliyoyin ƙwai a kashinta cikin mako ɗaya zuwa uku. Ƙwan ba ya cutarwa nan take, sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa, daga nan kuma yana iya yin watanni da ransa a wuri mai laima. Mafi yawan mutanen da suka kamu ba su ma sanin sun kamu. Masu shan wuya su ne mace mai ciki da ta kamu a karon farko, domin tana iya yin ɓari ko ta haifi jariri da lahani a ido ko a ƙwaƙwalwa, da kuma mai raunin garkuwar jiki, musamman mai ɗauke da HIV, wanda takan kama wa ƙwaƙwalwa. Tana kuma sa tunkiya da akuya ɓari, abin da makiyayi zai ɗora wa iska ko sammu. Ƙwan tsutsar ciki shi ma yana shiga bakin yaro mai wasa da ƙasa, tsutsar ta yi yawo a hanta, wani lokaci har ido.

A nan ne manazarcin al'ada yake da abin faɗa. A gidajen Hausawa da yawa abin da ake tsoro a jikin kyanwa shi ne gashinta ya faɗa a abinci, ko kuwa baƙar mage da ake zargi da aljanu ko maita. Ba a cika damuwa da tarin yashin gini da ke ƙofar gida ba, inda kyanwa ke tono ta binne kashinta da dare, yara kuma su wayi gari suna gina ɗakuna da shi. Ba a cika damuwa da latas da karas da aka ciro daga lambu aka yi musu wankin je-ka-na-yi-ka ba, ko tsiren da cikinsa bai gasu ba. Alhali ta waɗannan hanyoyin ne cutar ta fi shiga mutum, shafa bayan kyanwa kuwa haɗarinsa kaɗan ne. Tsoron yana nan, amma an ajiye shi a inda ba nan ne ramin ba. Wanda zai iya matsar da shi sai wanda ya san yadda aka gina shi tun farko.

Sai matsalar kalmomi, wadda ita ce tamu ta gado. "Ƙwayar cuta" muke cewa ga bairos, ita muke cewa ga baktiriya, ita kuma muke cewa ga irin su tokzofilazma da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, waɗanda halittu ne na wani jinsin dabam. Da kalma ɗaya ba za a iya bayyana wa mai sauraron rediyo dalilin da ya sa maganin wannan ba ya taɓa waccan ba, balle a bayyana masa yadda ɗaya ke buɗe wa ɗaya ƙofa. Haɗuwar cututtuka a jiki ɗaya ita kanta ba mu tsayar mata da suna ba. Ni dai "tarayyar cututtuka" nake cewa, ina jiran wanda zai kawo abin da ya fi. Fassarar gaggawa kuma tana da nata haɗarin. Ranar da wani mai gabatar da shiri zai ce an gano "ƙanjamau a jikin kyanwa", ba tare da ya ƙara da cewa ba ya kama mutum ba, ranar za a fara bin maguna da duwatsu a unguwanni. Mun ga irin nauyin da kalmar ƙanjamau ta ɗora wa marasa lafiya, har masana harshe suka ba da shawarar a riƙa kiran HIV "karya-garkuwa". Aikin da su Ɗalhatu Muhammad suka yi a 1990 na tsayar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi ya nuna cewa mun iya irin wannan aiki idan muka zauna masa. Fannin lafiyar dabbobi bai sami irin wannan zama ba.

Wani zai ce, mutane ba su sami magani ba, ana ta kyanwa? Kuma idan tana da haɗari haka, me zai hana a zuba mata shinkafar ɓera a huta? Amsar tambaya ta biyu ita ce ta amsa ta farko. Guba ba ta zaɓen wanda za ta kashe, tana cin kaji da karnuka, wani lokaci har yara. Muddin kuma mayanka na zubar da tumbi da kayan ciki a fili, bola na cike, wasu magunan za su zo su maye gurbin waɗanda aka kashe, su sake faɗan rabon wuri, cizo ya ƙaru. Ga kuma ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi, kuma ajiye kyanwa a gida yana cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don rage shi. Garin da ya kashe magunansa ya yi wa ɓeraye shara. Ta fuskar addini ma jama'a sun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, sun kuma san cewa a fiƙihun Malikiyya ragowar ruwan da kyanwa ta sha mai tsarki ne. Sai dai tsarki hukunci ne na ibada, ba shaidar likita ba ce, kuma bambance waɗannan biyu cikin ladabi yana bukatar wanda ya san harshen malamai da na asibiti.

Abin da ya fi dacewa sananne ne: a dandaƙe muzurai a kuma yi wa mata aikin hana haihuwa, domin dandaƙaƙƙen muzuru ya rage yawo da faɗa, a yi musu allurar rigakafin haukan kare, tunda kyanwa ma tana kamuwa da shi, a rufe sharar mayanka, a rufe yashi da rumbun abincin dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana aiki tun 1924. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato akwai tsangayar likitancin dabbobi, akwai kuma sashen da ake nazarin Hausa, a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Ɗalibin digiri na biyu da ke neman batun bincike zai iya ɗaukar na'urar naɗar magana ya zauna da mahauta da masu lambu da ungozomai, ya tattaro sunayen da suke ba kyanwa mai majina da mai zubar gashi da mai rama, da abin da suke cewa yana sa akuya ɓari, sannan ya kai wa likitan dabbobi su zauna su daidaita kowane suna da cutar da yake nufi.