Mai Ƙaramin Hannun Jari Ma Mai Kamfani Ne

Adar ƙasar matafiya ce. Da an gama girbi, samarin Tawa, Keita, Buza da Illela sai su ɗaura kaya, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Kuɗin da suke aikowa gida yakan zama bene, ko garken shanu, ko babbar motar dakon albasa. Da wuya a ji ya zama hannun jari a kamfani. Alhali kuwa Abijan ɗin da Adarawa suka cika kasuwanninta, nan ne mazaunin BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashe takwas na UEMOA, wadda ta fara aiki a 1998, kuma bankin BOA Niger yana cikinta tun 2003.

Masu ofis sukan ce rashin sani ne. Ba haka ba ne. Mutumin da ke lissafa kuɗin buhun albasa tun daga Galmi har bakin teku, da kuɗin mota, da na kwastan, da canjin naira da sefa, duk a ka, ba lissafin riba ne zai gagare shi ba. Tambayarsa guda ce: wa ke riƙe da littafi, kuma in na tambaya za a ba ni amsa?

Yana da dalilin yin tambayar. Dattawa ba su manta da BDRN ba, bankin raya ƙasa da ya fi kowane girma a Nijar, wanda basussukan da aka ba manya ba su biya ba suka durƙusar da shi, aka rufe shi a 1990, Sonibank ya maye gurbinsa. Waɗanda ke harka da Najeriya kuma sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Shugabar Oceanic Bank, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu a 2010. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank, Bank PHB da Spring Bank, takardun masu hannun jari suka zama na naɗe ƙosai. Duk bankunan nan suna da hukumar gudanarwa, suna da masu binciken kuɗi, suna taron shekara. Abin da suka rasa shi ne wanda zai miƙe a zauren taro ya ce bai gamsu ba, kuma a saurare shi.

Abin mamaki, doka ba ta bar ƙaramin mai jari a rana ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, kuma dokar kamfanoni ta wannan ƙungiya, wadda aka yi wa gyara a Wagadugu a watan Janairu na 2014, ta ba shi makamai masu kaifi. Dole a kira babban taro cikin wata shida bayan rufe lissafin shekara. Kwana 15 kafin taron, yana da ikon zuwa hedikwata ya duba takardun kuɗi. Sau biyu a shekara zai iya rubuta wa shugabanni tambaya kan duk abin da ya ga yana barazana ga rayuwar kamfanin, kuma amsa wajibi ce a kansu. Idan masu kashi 10 cikin 100 na jari suka haɗa kai, za su iya roƙon alƙali ya naɗa ƙwararre ya binciki wata harkar da ba su yarda da ita ba. In masu rinjaye suka yanke shawarar da su kaɗai za ta amfana, ba kamfani ba, kotu na iya soke ta. Gyaran 2014 har ya yarda a halarci taro daga nesa ta bidiyo, ko a aika ƙuri'a a rubuce, muddin ƙa'idojin kamfanin sun tanadi haka.

To ina gizo ke saƙa? Dokar da Faransanci take, taron a Yamai ake yin sa, sanarwar kuma a jaridar da ba ta kai Tabalak ba. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500. Wanda ribarsa ta shekara ba ta wuce jika goma ba, ba zai kashe ninkinta a mota da masauki don ya ɗaga hannu sau ɗaya ba. Kashi 10 ɗin nan ma, mutum ɗaya ba zai kai ba. Mutum ɗari na iya kaiwa, kuma doka ta yarda mai hannun jari ya wakilta wanda ya so.

Nan ne ƙungiya ke da amfani. A Najeriya akwai ƙungiyoyin masu hannun jari da suka daɗe suna tayar da ƙura a tarukan shekara, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba masu hannun jari kujeru uku cikin biyar a kwamitin binciken kuɗi na kamfanonin jama'a. Ba duka ne abin koyi ba. An sha zargin wasu shugabannin ƙungiyoyin da karɓar na goro su koma ƴan amshin shata. Amma ko da wannan aibu, daraktan da ya san za a yi masa tambaya a bainar jama'a yakan ƙara duba takardunsa kafin ya hau mumbari. Tawa tana da abin da ake bukata: ƴan kasuwa masu kuɗi, ƙungiyoyin ƴan gida a ƙasashen waje da suka saba tara gudummawa, da Jami'ar Djibo Hamani inda ake koyar da shari'a da tattalin arziki. Ɗaliban can za su iya zama su fassara rahoton shekara na banki zuwa Hausa da Tamashek, a karanta a rediyo.

Sai dai yawancin haɗin jarin Adar bai taɓa ganin kasuwar Abijan ba. Wa da ƙane ne, ɗaya a waje yana aiko kuɗi, ɗaya a gida yana juya su. Ko aminai huɗu ne suka haɗa suka sayi mota. A nan abokin gaba kunya ce. Ƙanen da ya ce "Yaya, a nuna mini lissafi" sai a ce ya yi raini, ko yana zargin ɗan'uwansa da ci. Sai ya yi shiru shekara da shekaru, har ranar da Alhaji ya rasu, magada su tarar ba a san na wa ne na wa ba, zumunci ya ƙare a gaban alƙali. Kuma al'ummar da ke jin nauyin rubutu ita ce ke karanta aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, wadda umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Malaman da ke wa'azi kan riba ya kamata su riƙa taɓo wannan ma.

Ita kuwa gwamnatin Nijar ta fi kowa sanin ɗacin zama ƙaramin abokin tarayya. A kamfanin yuraniyom na SOMAÏR da ke Arlit, wanda hanyarsa ta ratsa Tawa da Abalak, a da Orano na Faransa ne ke da kashi 63, Nijar ta hannun Sopamin tana da kusan 37. Da ta mayar da kamfanin hannun ƙasa a watan Yuni na 2025, hujjarta ita ce mai rinjaye ya kwashi fiye da rabonsa shekaru da dama. Orano bai yarda ba, ya kai ƙara, wannan kuma aikin masu shari'a ne. Amma kukan da Yamai ta yi shi ne kukan bafataken Keita mai hannun jari ashirin a banki. Hukumar da ta yi wannan kuka tana da ikon tilasta wa duk kamfanin da take da hannu a ciki ya buga lissafinsa kan lokaci, ya aika sanarwar taro ta waya, ya kuma buɗe zaure a Tawa inda za a bi taron a kaɗa ƙuri'a ba tare da an kwana a hanya ba.