Dandalin Kimiyya: Abin da Ya Ƙone Sifikar Motar Yayana



A hutun da ya wuce yayana ya sa wa motarsa sabuwar amfilifaya da wufa. Kwana uku ana shan kiɗa, a na huɗu sifikar ƙofa ta fara kukan kwaɗo, sai ga warin ƙonanniyar waya. Ya ce jabu aka sayar masa. Da muka duba, ashe kaya ba su da laifi, saiti ne ba a yi ba.

Ku tuna darasin fizik: sauti girgiza ce, kuma ana auna yawanta a daƙiƙa ɗaya da Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga 20 zuwa 20,000 Hz. Amo mai kauri irin na tambari yana ƙasa, siriri irin na sarewa yana sama.

Babu sifika ɗaya da ke iya ɗaukar wannan duka yadda ya kamata, shi ya sa ake raba aiki. Mai rabon ita ce kurosoba. A jikin amfilifaya za ku ga LPF, mai barin kaurin amo kaɗai ya wuce zuwa wufa, da HPF, mai tare kaurin don kada ya kai ga sifikun ƙofa. Yawanci ana fara saita su biyun a 80 Hz, daga nan kunne ya ƙarasa gyara. A motar yayana HPF a kashe take, aka ɗora wa ƙaramar sifika kayan jaki.

Kuskure na biyu shi ne maɓallin da aka rubuta GAIN. Mutane na ɗaukarsa na ƙara murya ne, su murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turowa. In ya yi yawa sauti zai gurɓace, siririyar wayar da ke naɗe cikin sifika ta ɗau zafi ta ƙone.

Ga yadda ake yi: a mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya, a kashe ƙarin bes, a kai muryar rediyo kamar kashi uku cikin huɗu. Sai a riƙa murɗawa a hankali. Da zarar amo ya fara tsagewa, a ɗan koma baya. A fara da sifikun ƙofa, sannan a ɗago wufa har ta cika kiɗan ba tare da ta danne muryar mawaƙi ba.

Yayana ya sayi wata sifikar. Amma ku sani, ƙwayoyin ji da ke cikin kunne in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma babu shagon da ke sayar da su. In kun sauka daga A Daidaita Sahu kunnenku na shuuu, gargaɗi ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.