Darajar Zanen Goya na Kan Jan Ƙarfe: Yadda Duhu Ke Isar da Saƙo

Ɗalibin adabi ya saba da rarrabe jigo da salo, wato abin da mai fasaha ya faɗa da kuma hanyar da ya bi ya faɗe shi. Sai dai da zarar an ajiye masa hoto a gaba, yakan manta da wannan darasi, ya tsaya ga tambayar me aka zana, ya bar ta yaya aka zana. Wannan kuskure ne babba, kuma babu inda illarsa ta fi fitowa fili kamar a ayyukan Faransisko Goya, mai zanen nan na ƙasar Sifen. Ra'ayin da ake son tabbatarwa a nan shi ne, duk wanda bai san yadda Goya ya sarrafa jan ƙarfe da ruwan asid ba, to rabin maganarsa kawai ya ji.

An haifi Goya a shekarar 1746 a ƙauyen Fuendetodos, kusa da birnin Zaragoza, ya kuma rasu a birnin Bodo na ƙasar Faransa a 1828. Ya samu ɗaukaka a fadar Madrid har ya zama babban mai zanen Sarki Carlos na Huɗu a 1799. Wata cuta da ta kwantar da shi tsakanin 1792 da 1793 ta bar shi kurma har ƙarshen rayuwarsa. A fada, aikinsa shi ne zana sarakuna da manyan gari da fenti mai launi, gwargwadon yadda suka buƙata. Amma abin da ke cin ransa game da jahilci da camfi da zalunci, a kan fallen jan ƙarfe ya fi zuba shi, inda babu launi sai baƙi da fari.

Dabara ta farko da ya yi amfani da ita ita ce zanen karce, wanda Turawan Ingila ke kira ecin. Akan sami fallen jan ƙarfe mai santsi a shafe shi da wani haɗi na kakin zuma da kwalta da ƙaro. Mai zane sai ya ɗauki allura ya yi ta karce wannan shafe, yana tone ƙarfen da ke ƙasa ba tare da ya sassaƙe shi ba. Daga nan sai a tsoma fallen cikin ruwan asid, wanda zai ci duk inda allura ta bi, ya bar inda kaki ya rufe. Idan aka wanke kakin, sai a cusa tawada cikin ramukan layin, a goge saman fallen, a ɗora takarda mai laima, a bi da su cikin injin matsi. Takardar za ta zuƙo tawadar, hoton ya fito a juye, dama ta koma hagu. Da wannan dabara ce Goya ya kwaikwayi zane-zanen Velázquez a 1778.

Karce layi kawai yake bayarwa. Mai son inuwa sai ya yi ta jera layuka kusa da juna. Dabara ta biyu, wato yayyafin ƙaro, wadda ake kira akwatinti, ita ce ta kawo maganin wannan. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Le Prince ne ya yaɗa ta a wajejen 1768. Akan barbaɗa garin ƙaro mai laushi a kan fallen, a gasa shi kaɗan har ƙwayoyin su manne. Idan aka tsoma a asid, sai ya ci tsakankanin ƙwayoyin, ya bar dubban ƙananan ramuka masu riƙe tawada. Wurin da ake son ya kasance fari akan rufe shi tun farko da wani man shafe da asid ba ya ci. Bayan tsomawar farko sai a rufe wurin da ake son ya tsaya a toka-toka, a sake tsomawa, a yi ta maimaitawa har a kai ga baƙi wuluk. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ba zai sha wuyar fahimta ba, domin marini ma yakan ɗaure inda ba ya son baba ta kama, kuma yawan tsomawa shi ke ƙara wa zane duhu.

Abin lura a nan shi ne, mai wannan aiki ba ya ganin sakamakon hannunsa sai an buga. Yana rufe haske ne a kan ƙarfe, yana ƙiyasta tsawon lokacin da asid zai ci, yana kuma tunanin hoton a juye. Idan ya bar fallen ya daɗe, ƙwayoyin ƙaron sukan ɓalle, inuwar ta lalace. Saboda haka kowane duhu da aka gani a hoton Goya shawara ce da aka yanke da gangan. Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza.

Shaida ta farko tana cikin jerin hotuna 80 da ya fitar a watan Fabrairu na 1799 da sunan Los Caprichos, inda ya yi zambo ga halayen mutanen zamaninsa. A hoto na 32, an ga wata budurwa zaune ita kaɗai a kurkuku, kanta a sunkuye, fitila tana rataye a sama. Wannan hoto babu layin allura a cikinsa, da yayyafin ƙaro zalla aka yi shi. Duhun da ya kewaye ta ba shi da iyaka ko kusurwa da ido zai riƙe, sai hasken rigarta kawai. Da an yi shi da layuka, da mai kallo ya shagala da lissafin tubalin bango. Rashin layin ne ya sa kaɗaicin ya yi nauyi. A hoto na 43 kuwa, wanda ya fi kowanne shahara, mutum ne ya kifa kansa a kan tebur yana barci, mujiyoyi da jemagu suna tasowa ta bayansa. Na kusa da shi an fito da su da allura, fuka-fukansu da idanunsu a bayyane, na nesa kuma sun zama baƙaƙen inuwoyi cikin hazon da ƙaro ya samar. Saƙon shi ne idan hankali ya yi barci miyagun abubuwa kan yi sarauta, kuma ido yana ganin suna fitowa daga duhu tun kafin a karanta rubutun da ke jikin teburin.

Akwai kuma hoto na 37, wanda ya kamata kowane mai shirin zama malami ya daɗe yana kallo. Wani ƙaton jaki ne zaune a matsayin malami, yana koya wa ɗan jaki harafin A daga littafi, taken hoton kuma yana tambaya ko ɗalibin zai fi malamin sani. Goya bai bar makaranta a baya ba cikin zambonsa, domin ya gane cewa jahilcin malami gado ne da ake miƙa wa yara.

Wasu kan raina irin wannan aiki, su ce ai bugu ne, ana iya fitar da ɗaruruwan kofe, don haka bai kai darajar zanen fenti da ba shi da na biyu ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Yawan kofen shi ne ya ba Goya damar yin magana da mutanen da ba za su taɓa shiga fada ba. A wani kanti mai sayar da turare da barasa a Madrid aka fara sayar da Los Caprichos. Saiti 27 kacal aka saya kafin ya janye su, daga baya kuma ya ambata a wata wasiƙa cewa an kai ƙararsa gaban kotun binciken aƙida ta cocin Katolika. A 1803 ya miƙa fallayen da saiti 240 da suka rage ga sarki, aka yanka wa ɗansa kuɗin fansho. Abin da ba shi da tasiri ba ya jawo wa mai shi irin wannan fargaba. Bugu da ƙari, kofe ba su zama ɗaya ba. Ƙananan ramukan yayyafin ƙaro suna gogewa da yawan matsi, shi ya sa bugun baya suka fi na 1799 kodewa, har wasu hotunan suka rasa zurfin duhunsu. Mai kallon da bai san haka ba zai iya ɗora wa Goya laifin da na tsufan ƙarfe ne.

Wasu kuma kan ce sanin dabarar aikin ɗaliban fasahar zane ne, sauran jama'a saƙon ya ishe su. Jerin hotuna 82 da ya yi kan bala'in yaƙi tsakanin 1810 da 1820 ya isa amsa. Sojojin Napoliyon sun mamaye Sifen daga 1808 zuwa 1814, yunwa kuma ta hallaka dubban mutane a Madrid a 1811 da 1812. Jan ƙarfe ya yi wuya har Goya ya yanka wasu fallayen da ya riga ya yi zane a kansu, ya yi aiki da bayansu. A da yawa daga hotunan ya bar allura ta yi aiki da kaushi, layuka gajeru masu tsinke, wani lokaci kuma ya shafa asid kai tsaye da buroshi don ya sami inuwa mai dabbare-dabbare. Kaushin layin ya dace da gawarwaki da mayunwatan da aka zana. Ba a buga wannan jeri ba sai a 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa. Wanda ya ce saƙo kaɗai zai ɗauka, to daga ina zai ɗauke shi in ba daga waɗannan layuka ba?

Darasin ga malamin gobe a fili yake. Idan zai gabatar da hoto a aji, kada ya tsaya ga bayar da labarinsa. Ya nemi ɗalibai su nuna inda layi yake da inda inuwa take, su faɗi wurin da aka bari fari, su yi tunanin dalilin da ya sa aka bar shi haka. Ba sai da asid ko injin matsi ba, domin kofe mai kyau na hoto ɗaya da gilashin ƙara girma sun isa ɗalibi ya ga ƙwayoyin ƙaro da idonsa. Ɗalibin da ya koyi tambayar hoto ta wannan hanya, da ita zai tambayi waƙa da ƙagaggen labari, ya daina ɗaukar salo a matsayin ado da aka liƙa wa jigo. Fallayen Los Caprichos suna nan ajiye a Calcografía Nacional ta Madrid, kuma malamin da ya koyar da su ba tare da ya nuna yadda aka yi su ba, ya kusa zama wancan malami na hoto na 37.