Goro Ba Ya Biyan Bashin Barci

Wani marubuci ya ce ɗalibin da jarrabawa ta matso wa ya rage barci, ya riƙe goro da shayi, wai lokaci ya ƙure.

To, ina karatun zai zauna? Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da aka karanta, ta adana shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta kawai yake yi, kuma bayan kimanin awa 5 rabinsa na nan a jini.

Na ga mai kwanan karatu a ɗakin jarrabawa, jan goro a haƙori, biro a hannu, yana gyangyaɗi kan tambaya ta biyu. Baligi na buƙatar barcin aƙalla awa 7 a kowane dare. Malam, kai awa nawa ka yi kafin ka rubuta wannan shawara?