FILIN LAFIYA: Nonon roba, wace siffa ta dace da mace mai ƙaramin jiki?

Zancenmu na wannan mako yana cikin waɗanda ba a yi gaban surukai, to amma ya riga ya shigo gidajenmu. A Ƙwanni da Malbaza da Illela akwai matan da ciwon daji ya sa aka cire musu nono, ko a asibitin Galmi da mishan suka buɗe tun 1950, ko a Yamai, ko a Sakkwato. In maigidan mai hali ne, sai maganar Tunis ko Istanbul ta taso, a je a sa nonon roba, wato ƴar jaka mai cike da silikon wadda ake dasawa cikin ƙirji. Ta fannin addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta mayar da nonon da aka cire. Saura zaɓi.

Siffa biyu ce likita zai nuna. Ɗaya kewayayyiya ce kamar ƙoƙon da aka kife. Ɗayar kamar ɗigon ruwa take, sama siririya, ƙasa a cike. A hoto, ta biyun ta fi kama da halitta, shi ya sa ido ke fara sauka kanta. Sai dai jakar tana iya juyawa cikin jiki. Kewayayyiya in ta juya, ba wanda zai sani. Mai siffar ɗigo kuwa in ta juya, ƙirjin ya karkace, kuma sau da yawa sai an sake tiyata. Don hana wannan juyin ne ake yi wa bayanta kaushi, kaushin kuma shi aka gano yana da alaƙa da wani ciwon daji da ba a cika samu ba. A watan Afirilu na 2019 Faransa ta hana masu kaushi sosai, a watan Yuli kuma kamfanin Allergan ya janye irin nasa daga kasuwannin duniya.

Yanzu ga macen tamu, siririya, wadda ba ta zama wuri ɗaya. Faɗin ƙirjinta ne ke yanke girman jakar, ba abin da aka gani a jikin wata ba. Jaka mai mililita 300 nauyinta ya kai giram 300, kuma fata ce za ta ɗauke shi dare da rana. In aka dasa ta saman tsokar ƙirji, mai ƙaramin jiki ba ta da naman rufe ta, sai gefenta da tattararta su fito fili. In aka sa ta ƙarƙashin tsoka, ta ɓoyu, amma duk lokacin da matar ta ɗaga taɓarya, ko ta ja guga, ko ta saɓa yaro, tsokar za ta matse jakar har a ga tana motsi. Likitan Tunis bai san turmi ba, sai an gaya masa. Wadda kuma aka gasa wa ƙirji da haske, kamar yadda ake yi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai tun 2021, naman da ke kewaye da jakar ya fi saurin taurarewa.

A ganina, ga wadda ke zaune fiye da kilomita 400 daga Yamai, ƙarama, kewayayyiya, mai santsi ita ce ta fi sauƙin rigima. Kuma ba abin har abada ba ne: hukumar magunguna ta Amurka ta ce a duba shi da na'ura bayan shekara 5 ko 6, daga nan duk shekara 2 ko 3. Wannan kuɗin ma a sa shi cikin lissafi tun kafin a yanki tikitin jirgi.

Kada a baro asibiti ba tare da katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar jakar ba. A 2010 asirin kamfanin PIP na Faransa ya tonu, cewa silikon na masana'antu yake ɗurawa, kuma mata kusan 30.000 ke ɗauke da kayansa a ƙasar kaɗai. Masu kati sun san matsayinsu nan take, sauran sai da aka bi kundin asibiti.

Wadda ba ta son ƙarin wuƙa, akwai nonon silikon da ake sakawa cikin rigar mama, a cire da dare, a wanke da sabulu.