Girkin Yaman: duniya na ci, wasu na karɓar yabo

Alhazai da yawa sukan dawo daga Makka da Madina suna santin shinkafar mandi, kuma akasarinsu sun ɗauka abincin Saudiyya ne. Asalinta Hadaramaut ce, a gabashin Yaman, kuma da yawa daga masu dafa ta a gidajen abincin Jidda da Makka Yamanawa ne. Haka girkin Yaman yake a kusan ko'ina: ana cin sa, ana lashe hannu, amma idan aka zo lissafin ƙasashen da suka iya tukunya sai a ambaci Italiya da Faransa da Japan da Indiya da Turkiyya da Labanan, a tsallake ƙasar da wasunsu suka ɗebo daga gare ta.

Wanda ya ga yadda ake mandin gaskiya ba zai yarda da wannan tsallakewa ba. Rami ake haƙawa a shafe shi da yumɓu, a hura itace a ciki har ya zama garwashi. Tukunyar shinkafa tana ƙasa, naman ɗan rago ko na ɗan akuya yana rataye a samanta, sai a rufe bakin ramin ruf, a liƙe yadda tururi ba zai tsira ba. Sa'o'i ake bari. Kitsen naman yana narkewa yana ɗiga cikin shinkafar, hayaƙi yana ratsa duka biyun. Idan aka buɗe, da yatsa biyu ake zare ƙashi. Biriyanin Indiya ya fi mandi tarin kayan ƙamshi nesa ba kusa ba, amma mai mandi ba shi da inda zai ɓuya: in naman bai yi kyau ba ko wutar ta yi yawa, kowa zai gane daga lomar farko.

A Sana'a da tsaunukan arewa kuwa, abincin rana shi ne salta. Romon nama ne da kayan lambu, ana kawo shi a tukunyar dutse baƙa yana tafarfasa a gaban masu ci. A samansa ake zuba hulba da aka jiƙa aka buga har ta yi kumfa, da yajin sahawiƙ na ɗanyen barkono da tafarnuwa da ganye. Ba cokali, gurasa mai zafi ake yaga a dangwala, kowa da gefensa. Hulbar nan da aka fi sani a ƙasar Hausa a matsayin magani, can ita ce kan miya, kuma ɗacinta ne ke tsayar da maiƙon romon. Akwai kuma asida, wadda duk wanda ya tashi da tuwon dawa zai gane ta tun kafin a faɗa masa sunanta.

Bakin teku nasa daban ne. Turawan Ingila sun kama birnin Adan a 1839, suka riƙa mulkinta daga Indiya har 1937, ba su fita ba sai 1967. Daga wannan cuɗanya aka sami zurbiyan, ɗan'uwan biriyani, da shayin madara na Adan.

Gaskiya ne girkin Yaman yana da inda ya gaza. Ba shi da yawan ire-ire irin na Sin, kayan zaƙinsa ba su kai na Sham da Turkiyya yawa ba, duk da cewa bintus sahan da aka malala wa zumar Wadi Do'an aka barbaɗa habbatus sauda tana iya zama kusa da kowace baƙalawa. Sannan ba ya kyau a hoto. Salta launin ƙasa ce, kuma a zamanin da mutane ke fara cin abinci da kyamarar waya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sai dai ba wannan ne ya mayar da shi baya ba. Sunan da girkin ƙasa ke yi, kuɗi da hukuma ne ke tura shi. Gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shiri a 2002 don yawaita gidajen abincinta a ƙetare. Faransa da Meziko sun shigar da al'adun cin abincinsu cikin kundin UNESCO a 2010, Japan ta bi a 2013, Senegal ta shigar da shinkafa da kifinta a 2021. Yaman kuwa tana cikin yaƙi tun 2014, baƙin yawon buɗe ido sun yi mata ƙaranci, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na hatsin da take ci daga waje take sayowa. Ƙasar da yara ke kwana da yunwa ba ta da sukunin tallata tukunyarta.

Abin da ya fi ciwo shi ne gahawa. Sufayen Yaman ne aka fara sani da shan ta a ƙarni na 15, don su jure tsayuwar dare da zikiri, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Moka ta bazu zuwa Turai. Yau ana rubuta "moka" a allon shagunan kofi daga Landan zuwa Tokiyo, mai saye bai san sunan gari ba ne. Da aka shigar da gahawar Larabawa kundin UNESCO a 2015, sunayen Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman da Ƙatar ne a takardar. Haka Yahudawan Yaman kusan 50,000 da aka kwashe zuwa Isra'ila a 1949 da 1950 suka tafi da yajinsu da gurasar malawah, waɗanda yanzu ake sayarwa a Turai da Amurka da sunan abincin Isra'ila. A Kerala ta Indiya mandi ya zama kuzimanti, a Indonesiya da Malesiya zuriyar Hadaramawa sun mayar da shi abincin biki.

Ba laifi ba ne abinci ya yi ƙaura, amma rashin adalci ne a goge sunan mai shi, musamman a lokacin da labarin Yaman a jaridu bai wuce bama-bamai da kwalara ba. Yamanawan da ke gudun hijira sun fara gyara wannan da kansu. A Alƙahira da Istambul da Kuala Lumpur sun buɗe gidajen abinci da sunan ƙasarsu a ƙofa. A Amurka, shagon Qahwah House da aka buɗe a Dearborn ta jihar Mishigan a 2017 ya yi rassa a birane da dama, wasu irinsa sun biyo baya, suna sayar da shayin Adan da ƙishir, wato ɓawon gahawa da aka dafa da citta. Suna kaiwa dare a buɗe, kuma matasa Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suna cika su.